Harafi Ɗaya Cikin Biliyan Uku

Abin da ya raba mai cutar sikila da wanda ba shi da ita harafi ɗaya ne tak. Saƙon gadon da ke jikin ɗan Adam, wato DNA, da haruffa huɗu aka rubuta shi, A da T da G da C, suna jere har kimanin biliyan uku. A kan kuromosom na 11 akwai wurin da ke ɗauke da umarnin ƙera wani sashe na himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, wanda kuma ke dakon iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki. A wani gurbi na wannan umarni yawancin mutane GAG gare su, wasu kuma GTG. Wanda ya gaji GTG ta wajen uwa da uba duka shi ne SS, wanda ya gaje shi ta ɓangare ɗaya kuma AS. Ciwon ƙashin nan da kwanan asibiti da ƙarin jini da iyalai da yawa suka sani, duk daga wannan musaya ta A da T suka taso.

To akwai mutanen da sana'arsu ke nan: su kutsa cikin haruffa biliyan uku, su duba wannan guda ɗaya, su fito da amsar da za a iya ɗaura aure ko a fasa a kanta. Abin mamakin shi ne ba sa ganin abin da suke aiki da shi. Wanda ya leƙa ɗakin gwajinsu ba zai ga komai ba sai mutum sanye da farar riga da safar hannu yana ɗibar ruwa garau daga wata 'yar mitsitsiyar kwalba yana zubawa a wata. Kwalbar da aka yi wa daidai da wadda aka ɓata, kamarsu ɗaya a ido. Sai a ƙarshen yini gaskiya ke fitowa, kuma ingancinta ya dogara ne ga abin da hannun ya yi tun da safe.

An daɗe kafin a iso nan. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa himogulobin ɗin mai sikila yana tafiya daban da na sauran mutane idan aka ratsa shi da lantarki. A 1956 Vernon Ingram a Ingila ya gano cewa bambancin bai wuce tubali ɗaya ba a ginin sinadarin. A 1978 Yuet Wai Kan da Andrée Dozy suka fara gano cutar ta hanyar duba DNA kai tsaye, amma aikin na cin kwanaki, yana kuma bukatar DNA mai yawa. Matsalar a fili take: wurin da ake nema ƙanƙani ne, ya nutse cikin tarin abin da ba a nema.

Aikin yau da jini yake farawa, kuma tun daga murfin kwalbar ake gane gwani. Mai murfi ruwan makuba ake so, domin maganin hana daskarewa da ke cikin mai koren murfi yakan hana gwajin tafiya. Jajayen ƙwayoyin jini, duk da su ne cutar ke lanƙwasawa, ba su ɗauke da DNA ɗin da ake nema, saboda haka sai a fasa su a zubar, a juya kwalbar a inji mai gudun tsiya har fararen ƙwayoyin su taru a ƙasa kamar ɗigon alli. Idan ɗigon da sauran ja a jikinsa, ƙwararre ba ya wucewa gaba, yakan sake wankewa, don ya san ɓurɓushin jan nan ma yana kashe aikin. Daga nan a narka ƙwayoyin da sinadari mai kama da sabulu, a raba su da datti da gishiri, a zuba giyar asibiti mai sanyi. Nan ne kaɗai a duk tsawon aikin ake ganin DNA da ido: wani farin zare siriri ya bayyana yana lilo a cikin ruwa. Busar da shi ma da ma'auninsa. In aka bar ɗanshin giyar, gwajin ya ƙi. In aka bar shi ya bushe ƙarau, ya ƙi narkewa.

Makamin mai wannan sana'a shi ne fifet, wani abu mai kama da ƙaton biro, da maɓalli a sama da bakin roba da ake sauyawa. Wani likita a Jamus, Heinrich Schnitger, shi ya ƙirƙiro shi a 1957. Kafin nan da baki ake zuƙo sinadarai ta bututun gilashi. Ma'aunin aikin shi ne maikurolita, kashi ɗaya cikin miliyan na lita. Ɗigon ruwa ɗaya yakan kai maikurolita 50, gwajin gaba ɗaya kuma galibi a cikin 25 ake yin sa, wato rabin ɗigo, kuma a cikin rabin ɗigon nan abubuwa shida ko bakwai ne za su shiga, kowanne da adadinsa. Maɓallin fifet tsayawa biyu gare shi. Babban yatsa yakan danna zuwa ta farko don ɗiba, ya zarce zuwa ta biyu don fitar da ragowar. Wanda ya zarce wajen ɗiba ya kwaso fiye da kima bai sani ba. Ana riƙe shi a tsaye, a tsoma bakin kaɗan a saman ruwan, a saki maɓallin a hankali. In aka sake shi da garaje, ruwan ya yi tsalle ya shiga cikin fifet ɗin, ya kuma gurɓata duk abin da za a ɗiba bayansa. Gwani yakan ɗaga bakin robar ya dubi ɗan ruwan da ya ɗebo, kuma da ido yake gane cewa wannan bai kai rabin maikurolita ba, ko kuma ga kumfa ta cinye wuri.

Duk wannan shiri ne na abin da ake kira PCR, sunan da annobar korona ta sa ya shiga bakin kowa a 2020. Dabarar ta zo wa Kary Mullis ne a 1983 yana aiki a kamfanin Cetus a Kalifoniya: maimakon a yi ta laluben wuri ɗaya a cikin tari, a kwafe shi har ya rinjayi tarin. Ana sa wasu gajerun guntayen DNA guda biyu da aka ƙera don su manne a dama da hagun wurin da ake so, da haruffan gini, da sinadarin da ke kwafa. A dafa haɗin zuwa digiri 95, igiyoyin DNA biyu su rabu. A sauke zuwa tsakanin 50 da 65, guntayen su sami wurinsu su manne. A ɗaga zuwa 72, mai kwafa ya cike tsakani. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. A zagaye na 30, a lissafi, kwafi ɗaya ya haura biliyan.

Mullis ya sami kyautar Nobel a 1993, kuma ya cancanta. Amma tunani daban, tabbatar da shi a kan teburin gwaji daban. Wanda hannunsa ya fitar da sakamakon da ya gamsar da masu shakka shi ne Randall Saiki, ma'aikacin ɗakin gwaji a kamfanin. A lokacin babu na'urar da ke hawa da sauka da zafi da kanta. Da hannu ake ɗauke kwalabe daga wannan tukunyar ruwan zafi zuwa waccan ana duban agogo, kuma da yake zafi na kashe sinadarin kwafin da ake da shi, kowane zagaye sai an buɗe kwalba an ƙara sabo. Rahoton farko da aka wallafa kan PCR ya fito a Disambar 1985 da sunan Saiki a gaba, kuma abin da aka gwada dabarar a kansa shi ne gano cutar sikila, ta hanyar kwafe guntu mai haruffa 110 da ke ɗauke da harafin nan. Sauƙi ya zo a 1988, da aka koma ga sinadarin kwafi na wata ƙwayar bakteriya da Thomas Brock ya gano a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone. Halittar da ke rayuwa a ruwa mai ƙuna, sinadarinta ba ya jin tsoron digiri 95.

Ƙarfin PCR shi ne kuma hatsarinsa. Na'urar ba ta tambayar daga ina DNA ya fito. Abin da ta tarar shi take kwafewa. Ɓurɓushin fatar mai gwajin, ko tururin da ya tashi daga kwalbar jiya da aka buɗe da gaggawa, ya isa ya ba da amsar wani a kan sunan wani. 'Yan sandan Jamus sun ɗanɗana wannan. Shekara da shekaru suna farautar wata mata da DNA ɗinta ya bayyana a wuraren laifi kusan 40 a Jamus da Ostiriya da Faransa, har da kisan wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. A 2009 aka gano babu wata mai laifi: DNA ɗin na wata ma'aikaciya ne a masana'antar da ke haɗa tsinkayen audugar da ake ɗaukar samfuri da su.

Shi ya sa rabin gwanintar ladabi ne. Ɗakin haɗa sinadarai daban, na zuba DNA daban, na buɗe abin da aka kwafa daban, kuma tafiyar gaba ake yi, ba a komowa baya da riga ɗaya ko fifet ɗaya. Kowace ɗiba da sabon bakin roba. Ana goge tebur da ruwan bilic kafin a fara da bayan an gama. Sinadarin kwafi a firiza yake kwana, a kan ƙanƙara yake zama lokacin aiki, wanda a ƙasashenmu ke nufin dole wani ya san abin da ya faru da firizar a daren da aka ɗauke wuta. Sannan a kowane zubi akwai kwalbar da ba a sa mata DNA ɗin kowa ba, ruwa zalla. Idan ita ma ta nuna sakamako, an zubar da aikin yinin gaba ɗaya, ko da sauran sun yi kyau kamar me.

Bayan kwafi sai karatu. Akwai wani sinadari da ake samu daga bakteriya, DdeI, wanda ke yanka DNA a duk inda ya ga C da T, sai kowane harafi, sai A da G. Gurbin lafiyayye ya dace da wannan tsari, saboda haka yakan yanke shi gida biyu. Na sikila kuwa, da T ya maye gurbin A, sai ya wuce shi bai taɓa ba. Don a ga abin da ya faru sai a dafa garin agaros, wanda ake samu daga ciyawar teku, a zuba a faranti ya daskare ya zama jel mai 'yan ramuka a gefe ɗaya. Zuba samfuri a ramin da faɗinsa bai fi 'yan milimita ba, a ƙarƙashin ruwa, ba tare da an huda gindinsa ko an malala wa na maƙwabci ba, shi ne wurin da hannun sabon shiga ke rawa. Sai a kunna lantarki, DNA ya kama hanya zuwa ɗaya gefen. Tafiyar kamar ratsa cinkoson kasuwa ce: yaro ya sulale ya yi nisa, mai ƙaton kaya yana baya. Idan aka haska jel ɗin da fitila ta musamman, mai AA, wanda bai gaji GTG ko ta ɓangare ɗaya ba, zai nuna layuka biyu gajeru da suka yi nisa, mai SS layi ɗaya da ya tsaya baya, mai AS kuma duka ukun.

A nan ne ake bambanta wanda ya haddace matakai da wanda ya san aikin. Idan sinadarin yankan ya yi rauni, ko ba a ba shi isasshen lokaci ba, wani kaso na DNA ɗin mai AA zai tsira ba a yanka ba, ya fito da layuka uku tamkar AS. Don haka gwani ke jera samfuran da aka riga aka san su, AA da AS da SS, a gefen na marasa lafiya, kuma su yake fara dubawa. Ya kuma san iyakar makaminsa. Nau'in himogulobin C, wanda ya yawaita a arewacin Gana da Burkina Faso, sauyinsa a wannan gurbin yake, GAG ya koma AAG, amma DdeI na yanka shi kamar lafiyayye. Ke nan mai SC, wanda ke da cutar, zai fito a wannan jel da kamannin AS. Wanda ya san haka ba ya sa hannu sai ya yi gwaji na biyu da ke neman C.

Gwajin jinotaif da aka saba yi kafin aure a asibitocinmu ba wannan ba ne. Shi himogulobin yake dubawa, a kan hanyar da ta samo asali daga aikin Pauling, kuma ya wadatar ga yawancin mutane in an yi shi da kyau. Amma wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, himogulobin ɗin wani ne ke yawo a jikinsa, mai SS na iya fitowa AS. Jariri sabon haihuwa kuma yawancin himogulobin ɗinsa na zaman ciki ne. A irin waɗannan wurare, da kuma inda asibiti biyu suka ba da amsa biyu, DNA ke raba gardama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da harafin sikila, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar duk shekara. Ƙasa mai wannan nauyi tana bukatar irin waɗannan hannuwa fiye da yadda take bukatar sababbin na'urori, domin na'ura kuɗi ke sayen ta, hannu kuwa sai an shekara ana horar da shi a gaban wanda ya iya.

Saboda haka idan ma'aikacin ɗakin gwaji ya ce wa mutum sakamakonsa bai fito ba, ya dawo a sake ɗibar jini, kada a yi saurin cewa bai iya aiki ba. Sau da yawa kwalbar ruwa zalla ce ta nuna layin da bai kamata ba, ko samfurin AA da ya sani ya fito da uku, shi kuma ya zaɓi ya yi asarar yini da sinadarai masu tsada a kan ya rubuta haruffa biyun da bai tabbatar ba a takardar da za a kai wa iyayen amarya.