Sunayen Mutanen Koriya a Rubutun Ingilishi

Mai nazarin littattafan Ingilishi kan Koriya zai tarar da sunan dangi guda a siffofi uku: Lee, Yi da Rhee, alhali a rubutun Hangul gaɓa ɗaya ce. Tsarin McCune-Reischauer na 1939 ya dogara ga wasulan ŏ da ŭ, waɗanda keken rubutu ba shi da su. Sai masu ɗab'i su yar da alamar, kamar yadda akan yi wa ƙ da ɗ na Hausa, wasula biyu su koma ɗaya. Tsarin da Koriya ta Kudu ta kafa a 2000 ya musanya su da eo da eu, amma ya ƙyale mutane su riƙe rubutun sunayensu na da. Nan rauninsa yake: shugaba ɗaya ya zama Park Chung-hee a jarida, Pak Chŏng-hŭi a laburare, Bak Jeong-hui a sabuwar ƙa'ida. Harafin r na Park ma ba a furta shi.

Tilasta wa kowa tsari guda ba zai yiwu ba. Ya fi dacewa marubuci ya bi rubutun mai sunan, ya kawo daidaitaccen a ambaton farko, kada ya sake canzawa.