Zikiri a Tsohuwar Masaƙar Brierfield

A 1816 aka gama haƙa hanyar ruwa mai tsawon mil 127 tsakanin Leeds da Liverpool a Ingila. Ta nan jiragen ruwa suka riƙa kai kwal da auduga masaƙun Lancashire, inda daga baya 'yan Pakistan suka yi aiki tare da Turawa. Da masaƙun suka rufe, kowa ya koma unguwarsu.

A 2016, ƙarƙashin shirin Super Slow Way, Ba'amurkiya Suzanne Lacy ta tara jama'a a tsohuwar masaƙar Brierfield da ke bakin ruwan. Sufaye suka yi da'irar zikiri, masu waƙoƙin coci na gargajiya suka jeru kusurwa huɗu. Hikimar aikin ita ce ba a nemi kowa ya bar nasa ba, sauraro kawai aka nema.

Sai dai abin da ya haɗa iyayensu tun farko aiki ne da albashi, kullum. Waƙa ta tuna musu da wannan zama, amma ba za ta maye gurbinsa ba. Ma'aunin irin wannan aiki shi ne ko maƙwabtan suna gaisawa bayan an watse.