Jinjina Ga Ma'aikatan Cibiyar Rayuwa

Daga Sabon Wuse, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Tafa, 'yan mata na tafiya karatu Minna, Lapai da Zuba. Idan ɗaya ta gamu da fyaɗe ko dukan saurayi, kunya da tsoron bakin mutane kan sa ta haɗiye abin ita kaɗai.

Irin waɗannan ne ma'aikatan Cibiyar Rayuwa da ke Minna ke tarba, kyauta. A duba lafiyarta, a ba ta maganin kariya daga ƙanjamau, wanda tilas a fara sha cikin sa'o'i 72, a rubuta rahoton likita saboda kotu. Amma jan aikin yana hannun mai ba da shawara: ta zaunar da ita, ta saurare ta har kukan ya lafa, ba ta tambayar me ya kai ta ɗakinsa, kuma sirrinta ba ya fita ƙofa. Allah ya saka musu.

 Wasu jihohin ma na da irin wannan cibiya: Kano na da Waraka, Kaduna Salama, Sakkwato Nana Khadija. Ɗalibar Tafa kuwa, idan daga gida za ta je Cibiyar Rayuwa, sai ta nemi kuɗin mota zuwa Minna.