Jirgin Yaƙi a Kan Tudu

Duk wanda ya tashi a Gyallesu tun gonakin dawa ba su gama komawa gidaje ba, ya san cewa da zarar an yi girbi, kara ya bushe, yaran unguwa ba su da wani shagali da ya wuce su yi gungu a gindin katanga, wannan yana fere ɓawon kara da reza, wancan yana yanka totuwa, wani yana fafe tsohon silifa domin a sami taya, har a fitar da mota ko jirgin sama wanda babu mai iya cewa nasa ne shi kaɗai. Jirgin sama kam ba abin al'ajabi ba ne, tun da ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙi da aka kafa a Zariya a 1964 suna shawagi a kanmu safe da maraice. Abin da ya tsayar da ni kwanan baya, a rumfar wani kafinta, shi ne samari huɗu da na tarar sun duƙufa a kan jirgin ruwan yaƙi, alhali kuwa babu ɗayansu da ya taɓa ganin ruwan da ya fi Kubanni ko Galma.

Da kwali suka yi gangar jikin, suka lulluɓe ta da gwangwanin madara da aka buɗe aka daddaƙe, wayar keke ta zama eriya. Na ce, "Samari, wane jirgi ke nan?" Babbansu ya ce, "Baba, Aradu ne," ya miƙo mini hoto a wayarsa. Wato yana nufin jirgin nan da aka ƙera wa Nijeriya a Hambug ta Jamus, ya fara aiki a 1982, mai tsawon kimanin mita 125. Hannu dai ma sha Allahu, sai dai igwar da suka ɗora a goshinsa ta kusa kai tsayin ɗakin matuƙi, wadda da a ce haka take a haƙiƙa, da harbi ɗaya ya kife jirgin da mutanensa.

A ra'ayina, ba fasaha muka rasa ba, ma'auni muka rasa, shi kuwa ma'auni ba a cika koyonsa sai a cikin jama'a, inda wani zai dubi aikinka ya ce nan ka zarce. Tun ƙarni na 17 ake sassaƙa samfurin jiragen sojan ruwan Ingila bisa ƙa'idar kashi 1 cikin 48, har yau kuwa ana ganin irinsu a gidan tarihin Giriniwic da ke Landan. Masu wannan sha'awa a yau, waɗanda da yawansu dattawa ne masu furfura da suke haɗuwa a ƙungiyance, sukan bi kashi 1 cikin 350, bisa wannan hisabi kuwa Aradu ba zai wuce santimita 36 ba, bai ma kai kamu guda ba, kuma wajibi ne kowace taga da kowane tsani su ƙanƙance daidai gwargwado. Wanda ya ce kayan haɗi na roba irin na Tamiya ko Airfix sun fi ƙarfin aljihunmu ya yi gaskiya, amma ya tuna fursunonin yaƙi Faransawa da aka tsare a Ingila zamanin Nafoliyon da ƙasusuwan naman da ake ba su suka sassaƙa nasu.

Abin da nake jin tsoro shi ne yayin da ake ciki yanzu, na yaro ya kulle kansa a ɗaki, ya haɗa abinsa shi kaɗai, ya ɗauki hoto ya watsa, yana jiran wani mai hali ya gani ya yi masa ihsani. In an yi kwana bakwai ba a kira shi ba, ya jefar da reza. Mu kuma manya, da yaro ya balaga sai mu ce ya isa, wasan yara ne, lagawu ne. Wasu ma har batun sura sukan kawo, alhali fuƙaha'u sun bambance tsakanin surar mai rai da ta marar rai, kuma an ruwaito Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya nusar da wani mai yin sura ga itatuwa da abin da ba shi da ruhi. Ƙasar da sai a 2012 ta ƙaddamar da Andoni, jirgin sintirin da sojan ruwanta suka ƙera da hannunsu a Legas, ban ga ta da wadatar maƙeran da za ta raina mai koyon awo ba, ko da a kan gwangwani ne.

Kafintan nan, wanda tun da fari yake sauraronmu yana fiƙe fensir, ya ciro tef daga aljihu ya aza a kan benci, ya ce in za su riƙa share masa rumfa, ya bar musu ita kowace Juma'a bayan La'asar. Suka auna hoton, suka auna jirgin, aka yi ta gardamar rabawa har sai da ƙaraminsu, wanda shi ne gwanin lissafi, ya raba musu ita. Ko da aka kira Magariba na tashi, sun riga sun ɓalle igwar.