BABI NA HUƊU: JIGON ƘAURA DA AL'ADA A FINAFINAN GASKIYA NA JAPAN BAYAN HAƊARIN FUKUSHIMA

4.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi nazarin finafinan gaskiya guda biyu, wato waɗanda ake ɗaukar ainihin mutane da abin da ya same su ba tare da 'yan wasa ba. An shirya su ne bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta ranar 11 ga Maris, 2011, wadda ta lalata tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi, mallakar kamfanin TEPCO, har aka kwashe mazauna kilomita 20 kewaye da ita. Manufar babin ita ce a gano yadda kowane fim ya ɗauki ma'anar farfaɗowa.

4.1 Gari Ba Ƙasa

Fim na farko shi ne Nuclear Nation na Atsushi Funahashi, wanda aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2012. Babban jigonsa shi ne ƙaura. Mutanen garin Futaba kimanin 1,400 sun tare a wata makarantar sakandare da aka daina amfani da ita a Kazo, cikin lardin Saitama, tare da ofishin hukumar garinsu. Wajen warwarar jigo, mai fim ya guji yawan sharhi. Ya bar na'urar ɗaukar hoto tana bin rabon abinci, da kwana a ajujuwa, da 'yar gajeriyar ziyarar da aka yarje wa mutane su kai gidajensu sanye da rigunan kariya.

Babban tauraro shi ne magajin garin, Katsutaka Idogawa. Ta bakinsa ne mai kallo ke fahimtar cewa Futaba ta daɗe tana dogaro da kuɗin tallafin da tashar ke kawowa, alhali wutar da ake samarwa Tokyo take tafiya. Nan ƙarfin fim ɗin yake, domin bai wanke mutanen garin sarai ba, bai kuma ɗora musu laifin duka ba. Sai dai jingina ga mutum guda ya rage wa fim ɗin faɗi, saboda muryar waɗanda ba su yarda da ra'ayinsa ba ba ta fito sosai ba. Saɓanin da ya kai shi ga barin mulki a 2013 sai a kashi na biyu, na 2014, aka gan shi a fili.

4.2 Dawakin Biki

Fim na biyu shi ne The Horses of Fukushima na Yoju Matsubayashi, wanda ya fito a 2013. Taurarinsa dawaki ne na Minamisoma da aka bari a barga ba abinci lokacin da aka kwashe jama'a. Asali an tanade su ne don yanka, amma ana hawansu a bikin Soma Nomaoi, inda mahaya ke sa sulken mayaƙan samurai, kuma mutanen yankin suna danganta shi da tarihin fiye da shekara 1,000. Darajar bikin ce ta sa aka bar su da rai, gurɓatar nukiliya kuma ta hana a sayar da namansu.

Idan aka dubi salo, za a ga mai fim ya yi amfani da dabbar da ba ta magana domin ya nuna halin mutanen da aka yi ta kai-komo da su ba tare da shawararsu ba. Bai nuna bikin a matsayin alamar cewa komai ya daidaita ba, domin a wurin hawan ma an ga wahalar da dawakin ke sha. Rauninsa shi ne, wanda bai san al'adar yankin ba zai so ƙarin bayani a kan matsayin bikin.

4.3 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a iya cewa finafinan biyu sun yi tarayya wajen ƙin auna farfaɗowa da gine-gine ko sanarwar hukuma. Funahashi ya tambayi ko gari zai ci gaba da zama gari bayan ya rasa ƙasarsa, Matsubayashi kuwa ya nuna al'ada na iya ceto rai amma ba ta goge ɓarna. Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan fahimta: sai a watan Agusta na 2022 aka yarje a koma zama a wani ɓangare na Futaba, kuma kaɗan ne daga mutanenta kimanin 7,000 suka koma. Babi na gaba zai dubi sarrafa harshe a hirarrakin finafinan.