Abin da Jiragen Yauri Suka Koya Mini Game da Kayan Ɗaki

Mu mutanen Bilbis ba mu tashi a bakin babban kogi ba. Amma abin da ya fi gyara mini tunani kan kayan ɗaki, a cikin jirgin ruwa na gan shi, a Yauri ta jihar Kebbi. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwan Neja ya yi faɗi a wannan yanki, manyan jiragen katako ke jigilar mutane da buhuna tsakanin gungu da tudu. Da lokacin abinci ya yi, sai na ga mai jirgi ya jawo tsohon akwatin da yake zaune a kai, ya fito da kwano daga ciki, ya rufe murfin ya ɗora tuwo. Akwati ɗaya ya zama kujera, ya zama ma'aji, ya zama teburi. A jirgi, duk abin da ba ya aiki biyu nauyi ne kawai.

Wannan akwati na tuna ranar da muka kai jeren ɗiyar ƙanwata Gusau. Ciki da falo ne na haya, ga teburin cin abinci mai kujeru shida. Sai da aka kwance ƙafafunsa kafin ya shiga ƙofa. Da ya shiga, amarya ta rasa inda za ta shimfiɗa sallaya. Bayan wata uku dillaliya ta fita da shi a rabin kuɗinsa.

Shi ya sa nake murna da wani sabon salo da ke tasowa a shagunan kafintoci tsakanin Gusau, Tsafe da Bungudu. Matasa na sayen tsofaffin kaya na hannu, su kankare su da samfefa, su sake musu siffa. Tsohuwar ƙofa ta koma teburi mai hinji da ake kafawa a bango, a ɗaga shi lokacin ci, a sauke shi idan an gama. Kan gado ya koma benci mai murfi da ake zuba kwanuka a ciki. Kujeru 'yan tsuguno kuwa a yi su girma-girma, ƙarama ta shige ƙarƙashin babba.

Dalilina na farko katako ne. Yawancin kayan da iyayenmu suka bari da maɗaci aka yi su, itace mai nauyi da ke jure shekaru. Sababbin da ke ƙyalli a bakin titi kuwa galibi allon MDF ne, garin katako da aka matse da gam. Ruwan wanke hannu ya taɓa shi sau kaɗan sai ya kumbura, ƙusa ta daina kama shi. Wanda ya sayi tsohon maɗaci ya kuma bar wata bishiya a tsaye, a ƙasar da gatari ya riga ya yi wa ɓarna.

Dalili na biyu halin da muke ciki ne. Rashin tsaro ya taso iyalai da yawa daga ƙauyuka zuwa cikin gari, mutum takwas a ɗaki guda. Irin wannan gida, kamar jirgi ne: kowane taku yana da mai shi.

Na san masu cewa kai wa amarya kayan da wata ta yi amfani da su abin kunya ne. Ina girmama zuciyar uwa mai son fita kunyar ɗiyarta. Amma 'yan kallon jere wuni ɗaya suke yi su watse, ita ce za ta zauna a ɗakin. Ga bashin da uba zai yi shekara yana biya.

Ga mai saye, shawarata ita ce ka auna ɗaki da faɗin ƙofa kafin ka je kasuwa. Ƙwanƙwasa katakon ka ji ko gara ta cinye cikinsa, ka duba ƙananan ramukan da ke zubar da gari. Girgiza ƙafafun, ka buɗe hinjin ka rufe sau da yawa.

Ku kuma kafintoci, kada ku ɗauki wannan aiki a matsayin faci. Wanda ya iya sa iyali su ci abinci a sake cikin ɗaki mai ƙafa goma sha biyu, gwani ne. Kakanninmu da tabarma da akushi suka ci, suka naɗe suka jingine, tsakar ɗaki ta koma ta yara. Daidai ruwa, daidai tsaki.