Hoto Mai Lamba da Kalandar Kasuwa: Ɗan Tarke

A gidan wani dattijo, tsohon malamin makaranta a Sabon Gari, na fara ganin hoto mai lamba. Yana rataye a falo cikin gilashi, an rubuta 7/30 da fensir a ƙasansa, ga sa hannun mai zanen a gefe. Maigidan ya ce mini: "Malam, irinsa talatin ne kacal a duniya, wannan shi ne na bakwai." Da muka fito zaure sai na hangi wata tsohuwar kalanda mai hoton Malam Aminu Kano, gara ta ci gefenta, an toshe tagar da ta fashe da ita. Tun ranar nake tambayar kaina: cikin biyun nan, wanne ya fi wuyar samu a yau?

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda ake yin hoto mai lamba. Mai zane yakan sassaƙa zanensa a kan katako, ko ya ƙarce shi a farantin tagulla ko na tutiya, ya sa ruwan asid ya ci layukan. Sai ya shafa tawada, ya ɗora takarda mai kauri, ya matse da inji, ɗaya bayan ɗaya. Tun farko yakan ƙayyade adadin da zai buga, kuma bisa al'adar sana'ar, in ya cika adadin sai ya lalata farantin. Saboda haka kowane kwafi aikin hannunsa ne, ba hoton aikin ba. Wannan ne ya sa masu tara irin waɗannan hotuna ke sa kuɗi a kansu.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Zariya ne, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Manufarsu ita ce a ɗauki dabarun Turawa a zuba musu fasahar gida. Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, shi ya fi shahara a bugun hannu. Abin da nake yaba wa a aikinsa shi ne takardar kanta tana da tudu da kwari, kamar zanen ƙwarya ko adon ginin soro, har mutum ya ji yana son ya shafa. Aiki ne na haƙuri, ya kuma cancanci farashinsa.

Inda nake da ja shi ne da masu saye. Da yawansu lambar suke saya, ba zanen ba. Suna ganin 3/20 ya fi 40/100 ko da na biyun ya fi kyan layi da tsari. Lamba shaida ce ta adadi kawai, ba ta ba mummunan zane kyau. Banda haka, injinan zamani na iya kwafe zane da kwamfuta, a sa masa lamba da fensir, a sayar wa wanda bai sani ba. Mai saye ya duba gurbin da farantin ya bari a gefen takarda, ya duba nauyin tawada, ya kuma tambayi ta hannun wa hoton ya biyo.

To, mu koma ga kalandar zaure. Shekara da shekaru 'yan kasuwar Sabon Gari da na Fagge suna baje hotunan bango: na Sardauna, na Janar Murtala, na Sarki Ado Bayero, na Shehu Ibrahim Inyass, da na Ka'aba da Masallacin Madina. Ga fastocin finafinan Indiya da a da ake mannawa a ƙofar silimar Plaza da Eldorado, ga kuma na finafinan Hausa da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990. Ba zan ce duk suna da kyau ba. Takardarsu sirara ce, launi yakan zarce layi, rubutun ma wani lokaci da kurakurai. Amma masu tsara su sun san idon Bakano. Sun san wa za a sa a tsakiya, wa za a jera a gefe, da wane launi ke jawo mai wucewa. Wanda ya iya karanta su zai gane wa talaka yake girmamawa a kowane zamani.

An buga su dubbai, don haka ba wanda ya ga dalilin adana su. An ƙunshe ƙosai da wasu, damina ta ci wasu, gobara kuma irin wadda ta cinye kasuwar Sabon Gari a 2016 ba ta barin takarda. Hoton mai lamba ƙarancinsa da gangan aka yi, shi ya sa aka killace shi a gilashi. Ita kuwa kalanda sakacinmu ne ya mai da ita abin nema. Ina kyautata zaton mafi yawan talatin ɗin nan suna nan lafiya a falon masu su, alhali kalandar dattijon ban sake cin karo da irinta ba.

Shawarata ga mai hali ita ce ya sayi hoto mai lamba in zanen ya burge shi, musamman daga matasan da ke fitowa daga sashen zane na Zariya. Ga 'yan'uwana malamai kuwa, aikin bai buƙatar kuɗi. A sa ɗalibai su tambayi iyaye da kakanni tsofaffin kalandu da fastoci, a rubuta shekara da inda aka saya a bayan kowace da fensir, a shimfiɗa su tsakanin takardu nesa da rana da danshi. Waɗanda suka fi muhimmanci a miƙa su Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ita dai kalandar Malam na roƙi dattijon ya ba ni, na saya masa gilashin taga.